Dashi Bakwai na Bayan Ɗaki

Gidanmu na farko a Birnin Kudu ba shi da sirri ko kaɗan. Ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano a bakin babban titi, kuma abin da ya raba tsakar gidan da idon duniya wata tsohuwar dangar kara ce da ta gaji da tsayuwa. Mai tafiya a ƙasa ba ya ganinmu sosai. Amma shekarun nan ne da kuɗin mai ya fara shigowa, motoci suka koma bin hannun dama, manyan motocin kaya suka cika hanya. Kowace ta zo da buhuna har sama, a kan buhunan kuma mutane ne zaune sun miƙe ƙafa, ba su da aikin yi sai kallon gidajen jama'a. Wata rana ina tankaɗe wani daga saman mota ya ɗaga murya ya yi mini sannu da aiki, har ya ƙara da cewa akuya tana cin dawata a baya. Na juya, gaskiyarsa ce kuwa. Na kori akuyar, amma ban gode masa ba.

Maigidana bakanike ne a wani gareji kusa da tasha. Ɗan cikin gari ne, mai saurin dariya, mai sauƙin kai, bai taɓa yini guda da fartanya a hannu ba. Aibinsa ɗaya, ya yi imani da baƙin mai, wato man da ake tsiyayewa daga injin mota in ya gama aiki. Ƙofa ta yi ƙara, baƙin mai. Kaska ta kama akuya, baƙin mai. Tururuwa ta hau gado, a shafa wa ƙafafun gadon baƙin mai. Da na sakar masa fuska, ina jin har a miya zai gwada.

Ni kuwa 'yar Maruta ce, ta ƙasar Gwaram. Gidanmu gidan shanu ne da noma. Fillanci ya bar bakinmu tun zamanin kakanni, amma kunyar ba ta bar mu ba. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ke". Baba kuma ba ya haɗa ido da mijina, ba ya cin abinci a gabansa, in sun haɗu gaisuwa ce doguwa kowa yana kallon ƙasa, daga nan sai kowa ya nemi hanyar tsira.

Cikina na fari a Maruta na haife shi, kamar yadda aka saba, mace ta koma gaban iyayenta. Cikin marka ne, lokacin da ruwa yake kwana yana wuni. Rafin da ke tsakaninmu da hanyar mota ya cika ya batse, ba mai haye shi. Na yi kwana biyu ina naƙuda, da yaron ya zo bai yi kuka ba. Ba na son tsawaita wannan, na faɗe shi ne kawai don a san abin da ke raina lokacin da na sake samun ciki, na lissafa watanni a yatsu na ga wannan ma a markar zai faɗo. Malamar da ke duba mu a wurin awo ta ce kada in yi nisa da asibiti. Ni ma ban yi niyyar nisa ba. Ina son in haihu inda in abu ya rikice za a kai ni cikin ɗan lokaci, kuma ina son Inna a kusa da ni, ita za ta dafa mini ruwan wankan jego. Biyun nake so, ba na son a ce in zaɓi ɗaya.

Inna ta zo duba ni da rani. Ta yini a tsakar gida tana tsinke zogale, motoci uku suka wuce, mutanen sama suka gaishe ta duk sau ukun. Ta ja mayafi ta rufe har hanci. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, tana kallon dangar ba ni ba:

"Ni ba na dafa ruwan wanka a kasuwa. In an yi dangar da za ta ɓoye mace a tsaye, zan zo in zauna. In ba a yi ba, kafin rafi ya cika zan zo in tafi da ke."

A wancan zamani magana ta ƙare ke nan. Ni ba zan ce mata a'a ba, mijina kuwa ko ɗaga kai ba zai iya yi a gabanta ba, balle musu.

Da na gaya masa, sai ya hau lissafin katako da ƙusa. Ya ce zai yi mini danga irin ta gidajen ma'aikata, a miƙe, a goge. Na tuna masa ƙofar madafa da ya yi da katako bara, damina ɗaya ta sha ta kumbura ta ƙi rufuwa, rani ya zo ta tsage, gara ta ƙarasa abin da ya rage. Ƙasar tamu in ruwa ya sauka ba ta wasa da busasshen itace. Laima ta ci gindinsa daga ƙasa, gara ta ci cikinsa, sai ka ga dirka a tsaye kamar lafiya, ka dafa ta ta bi ka. Ya ce wannan don bai shafa wa ƙofar baƙin mai ba ne.

Muna cikin wannan, da bazara, sai ga Baba da jakai biyu. Ɗaya ɗauke da zana, wadda ya saƙa da hannunsa da ciyawar gamba, ɗaya kuma da sandunan dashi wajen arba'in, kowanne ya fi mutum tsawo. Ya auna zuwansa sarai, sai da ya tabbata mijina ya tafi gareji sannan ya yi sallama.

Wanda bai san dashi ba, in ya ga sandansa zai ce makamashi ne, makamashin ma na marowaci. A karkace yake, ga ƙaya, ɓawonsa toka-toka yana saɓulewa. Amma da ransa. Ana sare shi ƙarshen rani, a ajiye a inuwa 'yan kwanaki bakin saran ya bushe, a kafa shi a busasshiyar ƙasa, ko ruwa ba a ba shi. Yana nan shiru kamar ya mutu, ruwan fari na sauka sai ya saki saiwa ya yi toho. Dirkar da ke da rai laima ba ta ruɓar da ita, ƙara mata ƙarfi take yi, gara kuma ba ta samun abin ci. Zana ce kawai za a riƙa sakewa, dirkokin kuwa har jikoki. A Maruta ba wanda yake koya wa wani wannan, da shi ake tashi, kamar yadda ba a koya wa mutum cewa wuta tana da zafi.

Baba ya yini yana haƙa yana kafawa, daga cikin tsohuwar dangar, ya kewaye gidan kaf. Ya ce a bar zana a naɗe sai an yi ruwa uku, kada iska ta girgiza su kafin su kama ƙasa. Ya sha furar da na dama masa a tsaye, yana duban rana. La'asar ba ta yi ba ya kora jakansa, don kada surukinsa ya dawo ya tarar da shi.

Da maigidan ya dawo ya ga aikin, jikinsa ya yi sanyi. Ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya yana dafawa.

"Baba da kansa? Tun daga Maruta?"

Na ce da kansa.

"Ai an ba ni kunya. Dattijo ya yi wannan wahala ina can ƙarƙashin mota." Ya sake duban sandunan. "Sai dai kamar sun ɗan karkace. Gara fa?"

"Ba ta cin su," na ce, ina fama da tuwo a kan wuta, hayaƙi ya cika mini ido. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Wannan kashin laifin nawa ne, na daɗe da karɓarsa.

Bayan kwana biyu ranar awo ta zo. Layi ya yi tsawo, ban fito ba sai bayan azahar. Tun daga bakin titi warin baƙin mai ya tare ni, na ce a raina yau kuma me ya yi ƙara a gidan nan. Ina shiga na tsaya. Sandunan Baba suna nan, amma sun miƙe sun jeru kamar sojoji, baƙi ƙirin suna ƙyalli a rana. Ashe maigidan hutu ya ɗauka. Ya tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, ya fere ɓawon gindin da wuƙa har tsawon gwiwa don mai ya shiga da kyau, ya tsoma a rabin duro, ya shafe sauran jikin da tsumma har sama, sannan ya ja igiya ya mayar da su a layi. Ga shi nan tsaye, baƙi har gwiwar hannu, haƙora kawai ake gani.

"Ki aika wa Baba," ya ce, "shekara goma gara ba za ta ko shinshina su ba. Shi ya kawo, ni na ƙarasa."

Na nemi turmi na zauna. Dariya ce ta fara zuwa, na yi ta har cikina ya ɗaure, shi ma ya taya ni bai san dalili ba. Daga nan ban san lokacin da ta juye kuka ba.

"Malam, ka kashe su."

"Na kashe wa?"

"Dashin. Da ransu. Toho za su yi."

Ya dubi sandunan, ya dubi hannuwansa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi a hankali haka ba. Can ya ce, da ƙaramar murya, man ne ya ƙare masa, saura bakwai a kusurwar bayan ɗaki, wajen wurin wanka, dama yanzu yake shirin komawa gareji ya ƙaro. Na ce in garwar man nan ta sake shigowa gidan nan, a kan gadonsa zan juye ta.

Ya ce wataƙila su yi haƙuri su rayu. Aka yi ruwan fari, aka yi na biyu. Bakwai ɗin nan suka fito da 'yan ganye ƙanana masu sheƙi, in ka murza ɗaya ƙamshin ƙaro ya kama yatsunka. Baƙaƙen kuwa ko motsi. Kullum da safe kafin ya tafi aiki sai ya bi su yana tsugunawa a gindin kowanne, yana leƙe kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Ina daga madafa nakan tambaye shi ko sojojinsa sun yi magana. Yakan ce in bar su, masu nauyin barci ne.

Bayan ruwa na uku muka ɗaura zana, muka cire tsohuwar dangar. Daga titi abin gwanin kyau, har maƙwabta suna zuwa yaba layin. Muka yi shawara ba za mu gaya wa kowa a Maruta ba. Na san dashi in ya mutu ba shi da ƙashi, itace ne mai taushi, amma na ce wa kaina wata uku kawai nake nema a wurinsa.

Bai ba ni ko biyu ba. Damina ta kankama, ƙasa ta jiƙe har ta daina shan ruwa. Wata rana da la'asar hadari ya taso daga gabas da iska a gabansa, ina kwashe shanya na ji wani dogon nishi, na waiga, sai na ga dangar gefen titi gaba ɗaya tana kwanciya a hankali kamar raƙumi. Gindin duk ya ruɓe daidai inda aka fere. Ruwan na ɗaukewa wata mota ta zo wucewa, mutanen sama suka haɗa baki suka yi mana jaje. Har wani ya ba da shawarar a samo dashi.

Ana gobe abin zai faru wata mai tallan man shanu ta kawo mini saƙon Inna, cewa rafi ya fara tasowa, nan da kwana goma tana tafe. Na tsaya a tsakar gidan da ya zama fili, ga cikina ya sauko, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun wancan ɗakin na Maruta. Ban yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ne ya tayar wa maigidan hankali, don ya san ni.

Da safe na gan shi a bakin randa yana dirzar hannuwansa da toka da yashi da sabulu, har fatar ta fito, abin da ban gani ba tun ranar aurenmu. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya fito da babur. Na ce ina zuwa? Ya ce Maruta. Na ce ai sai ya tura kawunsa, haka ake yi, suruki ba ya kai irin wannan magana da bakinsa. Ya ce kawunsa bai fere ko sanda ɗaya ba.

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, kuma na ji shi ya fi sau ɗari, don har ya tsufa yana ba da labarin. Ya bar babur a bakin rafi ya haye da ruwa iya cinya. Ya tarar da Baba a rumfarsa ta ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a rana, suka gaisa, suka tambayi shanu, suka tambayi ruwa, suka sake tambayar shanu. Da gaisuwa ta ƙare ba inda za a ɓuya, sai ya dubi ƙasa ya faɗi komai, har da igiyar da ya ja don layi ya miƙe.

Baba bai daina tufka ba. Can ya ce, "Duka?"

"Saura bakwai, Baba. Man ne ya ƙare."

"Alhamdu lillahi da ya ƙare. Ta wane gefe?"

"Ta bayan ɗaki."

Baba ya ajiye igiyar ya miƙe, ya zaga bayan rumbu. Maigidan ya ce ya ɗauka fushi ne, har gumi ya karyo masa, sai ya ji wani sauti kamar ana shaƙe ɗan maraƙi. Dariya ce. Dattijon ya je inda surukinsa ba zai gan shi ba ne ya yi abarsa. Ya dawo yana goge ido da bakin rawani, fuska a ɗaure kamar ba shi ba.

Ya ce yanzu ba lokacin saran dashi ba ne, wanda aka kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake. Busasshen itacen da zai tsaya wa damina guda ɗaya ne, ƙirya, ita kuwa ba a samunta a kwana goma. Sai ya ɗaga kai ya dubi rumfar da yake zaune a ciki. Dirkokinta na ƙirya ne, mahaifinsa ne ya saro su, sun ga damina fiye da yadda maigidan ya gani a duniya, ko ƙwarzane babu. Ya kira ƙannena maza ya ce a sauke rufin. Aka haɗa da na rumfar maruƙa, suka zama goma sha biyu. Maigidan ya ce ya buɗe baki zai hana, Baba ya ce wa iska, ba shi ba, "Akwai tsamiya a ƙofar gida. Ta ishe ni zama."

Shanu suka jawo su a amalanke har hayin rafi, wani direba da maigidan ya taɓa tayar wa mota ya kawo su gida. Washegari mutanen gareji da maƙwabta suka taru. Ranar na dafa dambu tukunya biyu, ana aiki ana tsokanar maigidan, kowa ya zo wucewa sai ya tambaye shi ko a kawo garwa. Ya gwada buga ƙusa a ƙirya, ƙusa uku suka lanƙwashe, ya haƙura ya karɓi igiya kamar kowa. Aka yi tanka da gora, aka ɗora zana biyu, wata kan wata, a duk gefen titi. Kafin magariba gidan ya rufu, na ji muryata ta dawo tana tsayawa a cikin gida maimakon ta fita titi.

Sai dai ƙirya goma sha biyu ba ta kai kusurwar baya ba. Can dashi bakwai ne da zana ɗaya, don ba su yi ƙwarin ɗaukar biyu ba tukuna. Can ne wurin wanka, kuma daidai nan titi yake hawa kan gada, inda mota ta fi tsawo. Abin da ya rage tsakanin kan zanar da idon mutanen sama, ganye ne kawai.

Inna ta sauka a rana ta goma da ƙunshin kayanta da babbar tukunyar dafa ruwa. Ƙunshin ta shigo da shi, tukunyar kuwa ta bar ta a waje, a bakin ƙofa. Na gane abin da take nufi. Maigidan ya gaishe ta daga bayan zana ya tuna yana da aikin gaggawa a gareji.

Ta zaga gidan a hankali. Ta dafa ƙirya, na ga ta gane su, don shekara talatin tana kai abinci ƙarƙashinsu. Ta tsaya inda ƙasa ta yi baƙi ta ja hanci. Da ta iso kusurwar baya ta daɗe tana duban sama. Sai ta ɗauko farar ƙwarya daga madafa ta miƙo mini.

"Ke, ɗora a ka. Tsaya nan inda za ki yi wanka. Kada ki motsa."

Ta fita. Ta wata 'yar kafa a zana na hango ta ta tsallaka titi, ta nufi tulin marmarar da masu gyaran hanya suka zube kusa da gada, wanda tsawonsa ya kai na motar kaya. Matar da ba ta ɗaga murya a gaban baƙo, ta gyara ɗaurin zane ta kama hawa da hannu da ƙafa, masu wucewa suna kallo. Ta kai ƙoli ta miƙe ta sa hannu a goshi.

Na tsaya da ƙwarya a ka. An yi yayyafi da safe, ganyen dashin yana ɗigo mini a kafaɗa, ƙamshinsa ya cika wurin. A 'yan watannin nan sun yi rassa sun sarƙe da juna, sun wuce kan zanar da kamu uku ko fi. Gwiwoyina suka fara lanƙwashewa da kansu, kaɗan kawai, yadda ƙwaryar za ta sauka. Sai na tuna kwana arba'in zan yi a nan, kuma Inna ba a yi mata wayo. Na miƙe sosai, har na ɗan yi ɗage.

Ta dawo da jar ƙasa a gwiwoyinta.

"Kin tsaya kuwa?"

"Na tsaya, Inna."

"Ba ki rusuna ba?"

"Na fara, na fasa."

Ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba. Ta juya ta fita, na ji ƙarar tukunya a bakin ƙofa. Na yunƙura zan taya ta, ta ce in zauna, wa ya aike ni. Ita kaɗai ta rungumo ta har bayan ɗaki, ta nemo duwatsu uku ta girka a gefen dashin. Na koma ɗaki na rufe fuska da filo na yi ta murna ni kaɗai, don ba a yi a gabanta.

Naƙuda ta zo da hantsi, ana tsuga ruwa. Wannan ma ba ta zo da sauƙi ba, yarinyar a karkace ta kwanta. Amma kafin ruwan da Inna ta ɗora ya tafasa an kai ni asibiti, masu aikin suka yi abin da suka iya, da azahar na ji kuka, mai ƙarfi, na masifa, irin nawa. A makon nan rafin Maruta ya yi kwana biyar ba a haye shi ba.

Kwana arba'in na yi ina wanka safe da yamma a ƙarƙashin dashin nan. Inna tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, ina ihu, tana cewa raki. Tururi yana tashi ya shige cikin rassan. Motoci suna hawa gada, muna jin hirar mutanen sama sarai, har da wanda ya ce a da akwai wata mata mai akuya a gidan nan, ko ta tashi ne. Na yi dariya har na kusa zamewa. Inna ma ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar kwanakin nan ba.

Da bazara ta zagayo Baba ya sake zuwa da jakai, ya kafa sabon dashi, aka mayar masa da ƙiryarsa ya tayar da rumfa. Ya zo bayan maigidan ya fita, ya tafi kafin ya dawo, kamar dai wancan karo. Har ya bar duniya bai taɓa tayar da maganar a gaban surukinsa ba.

Maigidan kuwa tun daga nan ya zama mutumin dashi. 'Ya'ya mata huɗu muka aurar, ta farkon ita ce mai kukan nan. Kowacce in ta tare, bazara ta fari sai ya sari rassa daga bakwai ɗin nan, ya ɗaure a bayan mota ya kai gidanta ya kafa da hannunsa. Amma shi ba ya tafiya kafin la'asar. Zama yake a ƙofar gida har surukin ya dawo, yaron yana ta sunkuyar da kai yana neman hanyar gudu, ya kira shi ya zaunar a gabansa. 'Yan'uwana suka ce mijina ba shi da kunya, na ce yana da ita, ya dai ga abin da ta kusa jawo mana ne.

Yau shekara tara ke nan da rasuwarsa. Da yara suka zo yi mini katangar bulo suka ce a sare tsofaffin itatuwan bayan ɗaki don layi ya miƙe, na ce na taɓa ganin miƙaƙƙen layi a gidan nan, ya ishe ni. Katangar ce ta karkace ta ba su hanya. Mijin babbar 'yata, wanda shi ma yanzu furfura ta cika masa gemu, yana wurin ranar. Ya dafa ɗaya daga cikinsu ya ce har gobe yana tuna abin da maigidan ya gaya masa, ido cikin ido, yana riƙe da hannunsa don kada ya gudu.

"Wannan itacen da ransa. Ka bar shi kawai. Don Allah kada ka taimake shi."